Ƙafar da ta ci da hannun da ya bayar

A ƙarshen shekarar 2025, duk wanda ya zauna a gidan kallo a Arikya ta yankin Lafia ranar wasan Super Eagles ya san cewa musun hutun rabin lokaci ya kan fi wasan kansa zafi. Ana rage muryar talabijin, janareta na ta ruri a bayan rumfa, mai rake ya leƙo da barandaminsa, sai wani ya jefo tambayar da ta hana samari sakat: shin Victor Osimhen zai kamo Rashidi Yekini? Lamba ɗaya ce a bakin kowa, 37. Yaron da ba a haife shi ba lokacin da Yekini ya ajiye takalmi ya san ta kamar lambar wayarsa. A ɗaya daga cikin waɗannan dare ne wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a masaƙar Kaduna ya gyara zama a kan benci, ya ce: "To 'ya'yana, na ji kun iya lissafi. Ƙwallon da Yekini ya ci Bulgeriya, wa ya ba shi?" Aka yi tsit. Can wani ya ce, "Baba, ai Okocha ne." Dattijon ya girgiza kai.

Tambayar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin amsarta tana da tsawo, kuma sai ta bi da mu ta Amurka kafin ta dawo da mu Lafia.

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba 1963. Ƙungiyar masaƙar UNTL ce ta fara fito da shi, a zamanin da kamfanonin saƙa na Kaduna ke da ƙarfin riƙe dubban ma'aikata har da ƙungiyar ƙwallo. Daga nan ya wuce Shooting Stars ta Ibadan, sai Abiola Babes ta Abeokuta, sai Africa Sports ta Abidjan, kafin ya tsallaka Fotugal a 1990 ya shiga Vitória Setúbal. A kakar 1993/94 shi ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar Fotugal, da ƙwallo 21. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A gasar cin kofin Afirka ta 1992 a Senegal shi ne kan gaba da ƙwallo 4, a ta 1994 a Tunisiya kuma da 5, inda Najeriya ta ɗauko kofin. Kafin shi, Segun Odegbami ne ke riƙe da tarihin ci wa Najeriya ƙwallaye mafi yawa, da 23. Yekini ya wuce shi, ya yi masa fintinkau.

Ranar 21 ga Yuni 1994, a birnin Dallas, Najeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya. Ana minti 21 da farawa, Finidi George ya kutsa ta gefen dama, ya shimfiɗo ƙwallo a ƙasa ta gaban raga, mai tsaron gida ya rasa inda zai kama. Yekini bai yi komai ba illa dangwala shi ciki. Sai ya bi ƙwallon har cikin raga, ya cusa hannuwansa biyu ta ramukan zaren, ya riƙe gam yana girgizawa, baki buɗe, yana ihu kamar mai kuka. Wannan hoton ya zagaye duniya, har yau kuma shi ake mannawa a bangon shagon aski. Finidi, wanda ya yi mafi wahalar aikin, ba ya cikin hoton. Shi ne kuma ya ɗago ƙwallon da Emmanuel Amunike ya sa wa kai ya cike na uku, bayan Daniel Amokachi, wani ɗan Kadunan, ya ci na biyu. Amsar dattijon ke nan.

Filin da aka yi wannan wasa, Cotton Bowl, ba don ƙwallon ƙafarmu aka gina shi ba. Filin zari-rugar Amurka ne, kuma ƙungiyar Dallas Cowboys ta yi shekarunta na farko a cikinsa. Sauran wasannin Najeriya uku a waccan gasa duk a filin Foxboro aka yi su, kusa da Boston: wanda Ajantina ta ci mu 2 da 1, wasan ƙarshe da Maradona ya buga wa ƙasarsa, wanda muka ci Girka 2 da nema, da kuma na ranar 5 ga Yuli, da Roberto Baggio ya ƙwace mana nasara saura minti biyu a tashi. Foxboro gidan ƙungiyar New England Patriots ne. Shekara bakwai bayan hawayenmu, ranar 14 ga Oktoba 2001, a kan wannan ciyawar, wani saurayi mai suna Tom Brady ya jefa wa Terry Glenn ƙwallo a wasansu da San Diego, aka rubuta masa jifan ci na farko. Kafin ya yi ritaya an rubuta masa 649.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Filin yadi 100 ne, a kowane ƙarshe akwai wani fage da za mu kira gidan ci. Kowane ɓangare mutum 11. Ƙwallon mai siffar gwanda ne, da hannu ake ɗaukarsa. Idan ɗan wasa ya shiga gidan ci da ƙwallo a hannu, ko ya cafe shi a ciki, ƙungiyarsa ta sami maki 6, abin da suke kira tacdawun. Akwai mutum ɗaya da kusan kowane hari ke farawa daga hannunsa, kwatabak, wato majefi. Yana da daƙiƙa biyu ko uku kacal ya duba fili, ya zaɓi wanda zai jefa wa, yayin da ƙarti masu nauyin buhun shinkafa biyu da rabi ke rugowa su murƙushe shi. Idan ya jefa aka cafe aka ci, ana rubuta wa mai cafewa nasa, a rubuta wa majefi nasa. Abin da ya ja hankalina shi ne, a can, tarihin da ya fi daraja shi ne na mai bayarwa. Da irin lissafinsu ake yi a ƙwallonmu, da yaran Arikya sun haddace lambar Finidi kamar yadda suka haddace ta Yekini.

An halatta jifa zuwa gaba a wasan a 1906, aka kafa babbar gasarsu ta NFL a 1920 a garin Canton na jihar Ohio, sannan daga 1932 suka fara adana alƙaluman kowane ɗan wasa a hukumance. Tun daga lokacin tarihin ke wucewa hannu zuwa hannu, kuma an san ranar kowace miƙawa. Sammy Baugh na Washington, wanda ya yi wasa daga 1937 zuwa 1952, ya bar shi a 187. Bobby Layne da Y. A. Tittle suka ɗan matsar da shi gaba.

Sai Johnny Unitas, wanda labarinsa ya fi kama da na yaranmu. Pittsburgh ta ɗauke shi a 1955, ta sallame shi tun kafin a fara kaka. Ya koma aikin gini, a ƙarshen mako kuma ya buga wa wata ƙaramar ƙungiyar unguwa a kan dala 6 kowane wasa. A 1956 Baltimore Colts ta gwada shi. Daga ƙarshen wannan shekara zuwa 1960 ya yi wasa 47 a jere ba tare da ya fashi jifan ci ko sau ɗaya ba, bajintar da ta yi shekara 52 ba a taɓa ta ba. Ya yi ritaya da 290. A lokacin da ya fara, wasa 12 kawai ake yi a kaka, kuma doka ta bar masu tsaron baya su yi ta bangazar mai cafewa duk inda ya nufa. A ganina, duk wanda zai auna majefan Amurka da adalci dole ya tsaya a kan 290 ɗin nan ya daɗe.

Fran Tarkenton na Minnesota ya wuce shi a 1975, ya tsaya a 342. A shekarar da ya yi wasansa na ƙarshe, 1978, masu gasar suka sauya abubuwa uku da suka juya tarihin gaba ɗaya. Suka ƙara wasannin kaka daga 14 zuwa 16, suka kuma hana mai tsaron baya taɓa mai cafewa da zarar ya wuce yadi 5 daga layin farawa, suka sassauta wa masu kare majefi su miƙa hannuwansu. Sun gane cewa jifa ne ke cika fili da 'yan kallo, shi ne kuma ke sayar da talla a talabijin. Wanda ya fara cin gajiyar wannan sosai shi ne Dan Marino na Miami. A 1984, kakarsa ta biyu, ya yi jifan ci 48. A 1995 ya ture Tarkenton bayan shekara 20, ya gama da 420 cikin kaka 17, duk a ƙungiya ɗaya. Bai taɓa ɗaukar kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, ba, kuma wannan ya bi shi har gida, amma babu mai musun hannunsa.

Daga nan abin ya riƙa sauri. Brett Favre na Green Bay ya yi na 421 ranar 30 ga Satumba 2007 a Minneapolis, ta hannun Greg Jennings, ya kai 508. Littafin da ya rubuta masa wannan ya kuma rubuta masa jifa 336 da abokan hamayya suka cafe, fiye da kowa a tarihi, domin lissafin gaskiya ba ya ɓoye wa gwani kurensa. Peyton Manning, wanda aikin tiyata a wuya ya zaunar da shi kakar 2011 ɗungurungum har ƙungiyarsa ta Indianapolis ta sake shi, ya koma Denver ya yi jifan ci 55 a 2013, sannan ranar 19 ga Oktoba 2014 ya jefa wa Demaryius Thomas na 509. An ɗauki wannan ƙwallon an kai shi gidan adana tarihin wasan da ke Canton. Ya gama da 539. Drew Brees na New Orleans ya wuce shi a Disamba 2019, shi da Brady suka yi ta karɓa-karɓa a 2020, har Brees ya ajiye a 571.

Brady kuwa, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000, sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a kira sunansa. Raunin da Drew Bledsoe, majefin New England, ya ji a Satumba 2001 ne ya buɗe masa ƙofa. Ya yi kaka 23, ya ɗauki Super Bowl 7, shida da New England ɗaya da Tampa Bay, ya yi ritaya a Fabrairu 2023 yana ɗan shekara 45. Sau biyu New York Giants ta kayar da shi a wasan ƙarshe, a 2008 da 2012, kuma a duka biyun akwai ɗan Najeriya, Osi Umenyiora, cikin masu farautarsa. Ba ƙaramin gwani ba ne Brady, amma 649 ɗinsa hannu ne da daɗewa da dokar da ta sassauta, ga kuma ƙarin wasanni, domin daga 2021 kakar ta koma wasa 17.

Mu dawo gida. Gasar ƙwararru ta Najeriya ta fara a 1990, shekarar da aka kafa Kano Pillars. A wannan kaka ta farko Ishaya Jatau na Iwuanyanwu Nationale ya ci ƙwallo 17, kuma lambar ta zauna shekara 20, daidai da zaman na Tarkenton. Wanda ya ture ta yaro ne ɗan shekara 17 daga Jos, Ahmed Musa, wanda ya ci wa Pillars 18 a kakar 2009/10. Waɗanda suka gan shi a filin Sani Abacha a waccan kaka sun san gudunsa ya fi ƙarfin masu tsaron bayan gasar. Yana cika 18 da haihuwa ya tafi VVV-Venlo ta Holan, daga can sai CSKA Moscow, sai Leicester. Ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ya zama ɗan Najeriyar da ya fi kowa ƙwallo a gasar cin kofin duniya, ya kuma fi kowa buga wa Super Eagles wasa. Tarihinsa na gida bai shekara biyu ba. Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011, Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014.

Wanda na fi tausaya wa a wannan jeri shi ne Junior Lokosa. A 2018 ya ci wa Pillars ƙwallo 19 ana wasa na 24 kawai, saura wasa 14 a gama kaka. Ƙwallo biyar yake nema ya goge tarihin Udoh. Sai rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya tsayar da gasar, daga baya aka rufe kakar a inda ta tsaya. Lokosa ya tattara ya tafi Esperance ta Tunisiya. Ba mai tsaron baya ne ya hana shi ba, manyan da ke faɗa a kan kujera ne, kuma har yau ban ji wanda ya ba shi haƙuri ba.

Lafia tana da nata kaso a wannan tarihi, kaso mai tsoka. An ƙirƙiro jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, aka kafa Nasarawa United a 2003. Shekara uku kacal bayan haka, a 2006, ta gama ta biyu a gasar ƙasa a bayan Ocean Boys, ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka ta 2007. Sau biyu ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, a 2016 da Ifeanyi Ubah, a 2021 da Bayelsa United, duka biyun bugun fanareti ya raba ta da kofi. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin shekara shida ƙungiyar ta fitar da sarkin raga har sau uku. Sunusi Ibrahim ya ci 10 a gajeriyar kakar 2019, kunnen doki da Mfon Udoh. Silas Nwankwo ya ci 19 a kakar 2020/21, kunnen doki da Charles Atshimene na Akwa United. Anas Yusuf ya ci 18 a kakar 2024/25, shi kaɗai a sama. Ƙungiyoyin da suka fi ta kuɗi da suna ba su yi haka ba. Manoman doya da riɗi da ke barin gona da wuri ranar Lahadi su hau babur zuwa filin wasa na cikin garin Lafia sun ga ƙwallaye masu kyau da idonsu.

Sai dai ku lura da irin tarihin da na lissafo. Duk na kaka ɗaya ne. Sunusi ya tafi Montreal ta Kanada, Nwankwo ya tafi Mjällby ta Suwidin. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Ƙafar ɗan ƙwallo ba ta wuce shekara goma zuwa sha biyar tana ciyar da shi, yana da iyaye da ƙanne, kuma abin da zai samu a wata ɗaya a waje ya kan fi na shekara a gida. Amma sakamakon shi ne, tarihin tsawon rayuwar wasa, irin na Marino a Miami, da wuya ya ginu a gasarmu, domin wanda ya fara gina shi ba ya kwana biyu a wurin.

Mutum ɗaya ya tsaya, Rabiu Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. An haife shi a 1980. Yana cikin tawagar Pillars da ta ɗauki kofin gasar sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, yana nan aka ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna a 2019, ya kuma haura shekara 40 yana saka rigar. Ɗan tsakiya ne, mai bugun tazara, mai raba ƙwallo. Idan akwai wanda ya yi kama da majefin Amurka a ƙwallon arewa, shi ne. 'Yan gaba sun zo sun ci a ƙafarsa sun tafi Turai da Arewacin Afirka, shi yana nan yana ba na bayansu. Tara masoyan Pillars goma ka tambaye su ƙwallo nawa Pele ya bayar aka ci tun da ya zo, za ka ji amsa goma, ko ka ji shiru. Wannan yana ƙona mini rai, domin mutumin ya ba gasar nan ƙuruciyarsa da tsufansa na wasa, kuma mafi girman aikinsa yana cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka kalla ne kawai.

Ko Yekini bai tsira daga wannan sakaci ba. Kowa ya yarda da 37, amma a wasa nawa? Wasu littattafai na cewa 58, wasu 62. Bambancin wasa huɗu ne a rayuwar ɗan wasan gaba mafi girma da ƙasar nan ta taɓa yi, a zamanin da akwai rediyo da talabijin da jarida. Ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, ya sake fitowa da Gateway ta Abeokuta a 2005 yana da shekara 41, sannan ya koma Ibadan ya keɓe kansa. Ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48, aka binne shi a Irra ta jihar Kwara. Allah ya jiƙansa da rahama. Osimhen ya wuce Odegbami a Maris 2025, ya haura 30 kafin shekarar ta ƙare, kuma kowane ƙwallo nasa yana cikin waya, da minti da sunan wanda ya bayar, saboda Turawa da kamfanonin alƙaluma na bibiyarsa. Na yaron da ke ci a Lafia ranar Lahadi, da na wanda ya ba shi, su ne ke hannunmu.

Ba aikin miliyoyi ba ne. Amurkawan 1932 ba su da kwamfuta, takarda da fensir suka riƙe a gefen fili. Ina kira ga shugabannin Nasarawa United da marubutan wasanni na Lafia su buɗe littafi ɗaya tun daga wasan farko na kaka mai zuwa, kowane ƙwallo a rubuta ranarsa da mintinsa da suna biyu, wanda ya ci da wanda ya bayar. Su nemi tsofaffin 'yan wasan 2006 da masu sharhin rediyo tun suna raye, a cike na baya gwargwadon hali, a buga shi inda kowa zai gani. Kai kuma mai gidan kallo a Arikya, allon nan da kake jingine a bakin ƙofa kana rubuta wasannin rana da alli, idan an tashi ka bar ɗan fili a ƙasa ka rubuta sunan wanda ya bayar.